Wai tsuntsayen Zariya sun ƙare?

Baba Sani Kwarbai: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Muna yara, in an yi yanka a kwata, sai ka kori ungulu da sanda kafin ka wuce. Rimin ƙofar gidanmu kuwa, da ruwan farko shamuwa za ta zo ta yi sheƙa, ƙasa ta yi fari fat da kashi, Iya tana ta mita. An sare shi an yi gawayi. Tsuntsayen Zariya sun ƙare, kowa ya yi gum.

Ɗan Samaru: Baba, "sun ƙare" ta yi nauyi. Raguwa suka yi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun nan ta cikin gari a sahun masu dab da ƙarewa. Dab da ƙarewa daban, ƙarewa daban.

Maman Hanifa: Ni jiya hankaka ya ɗauke mini sabulu a tsakar gida. Shi ba tsuntsu ba ne?

Baba Sani Kwarbai: Hajiya, hankaka ɗan bola ne. Yaro, yaushe rabonka da ganin ungulu?

Ali Mahauci: Ni na ga biyu bara a hanyar Shika.

Baba Sani Kwarbai: Kawo hoto.

Ali Mahauci: Wayar ba caji ranar.

Ɗan Samaru: To ka ga ba su ƙare ba. A Indiya maganin dabbobi ne, diclofenac, ya kashe musu ungulu sama da kashi 90 cikin ɗari ta hanyar cin mushe, har aka hana ba shanu shi a 2006.

Ali Mahauci: Wato mu mahauta muke yanka mushe ke nan? Iya bakinka. Je ka tambayi 'yan shimfiɗa nawa bokaye ke sayen kan ungulu.

Ɗan Samaru: Malam Ali, ina na ambaci mahauta?

Garba Ƙofar Doka: Ku ƙyale shi. Baba ya ce Zariya, shi yana Indiya. Samaru ma tukuna Zariya ce? Zariya cikin ganuwa take.

Ɗan Samaru: In ciwo ya kama ku ai asibitin Shika kuke zuwa, ba ku ce ba Zariya ba ce.

Maman Hanifa: Mu 'yan Tudun Wada fa, ina aka ajiye mu?

Garba Ƙofar Doka: Baƙi ne ku, Hajiya, amma masu ladabi.

Shugaban zaure (Babban Dodo): A tsaya haka. Abin da aka cimma: Baba ya faɗi gaskiya, sun ƙare. Ali bai kawo hoto ba, biyun nan nasa ƙila shirwa ce. Ɗan Samaru ya nemi afuwar Baba kan gyara masa Hausa, ɗan ganuwa ba a koya masa magana. Na rufe zancen.

Maman Hanifa: To sabuluna fa?