Mayo na cin gaɓar lambu: buhun yashi ko jema?

Mai Albasa:
Assalamu alaikum. Lambu ne a bakin Mayo Tsanaga (mayo kogi ne da Fulatanci), kusa da Marwa a Kamaru. Duk damina sai ruwa ya yanki taku biyu ko uku na gaɓa. An jera buhunan yashi, ruwan Agusta ya kwashe su. Ina mafita?

Bakin Binuwai:
Wa alaikumus salam, Malam. In lambun yana inda mayo ya sha kwana ne, ta ƙasa ruwa ke ɓarna: ya rarake gindi, sama ta rufto. Buhu kuwa rana ke cinye shi. Tun da rani a haƙa rami mai zurfin rabin mita a gindin gaɓar, a kafa ragar waya cike da manyan duwatsu, a zuba tsakuwa a bayanta don kada ruwa ya zuƙe ƙasa ta kafofin. Sannan a kwantar da gaɓar: duk mita 1 ta tsayi, a ja mita 2 baya. Gaɓa a tsaye kamar bango ba shukar da za ta kama.

Jema:
Haka ne, amma dutse kaɗai ba ya riƙo. A dasa ciyawar jema a gaɓar layi-layi, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. A rage ganye ya saura kamar taƙi ɗaya, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, da zarar ruwa ya zauna a Yuni, don saiwa ta nutse kafin babban ruwa. Wanda ya bari sai Agusta ya yi wa mayo sadaka. Shekarar farko a kewaye da ƙaya saboda shanu, a kiyaye wuta. Giyayya da bagaruwa suna jure ambaliya, amma a ja su baya; babban itace a leɓen gaɓa in ya faɗi, da ƙasar yake tafiya.

Ɗan Mokolo:
Alhaji, ruwan nan daga duwatsun Mandara yake gangarowa. Inda aka bar jerin duwatsun gonakin tudu suka rushe, da gudu yake isowa. Kuma masu tipa da ke ɗibar yashi dab da gaɓa su ma rarake gindin suke yi. Ka ɗaure naka kai kaɗai, ruwa ya karkata kan maƙwabcin ƙetare. Ku tara masu lambu na gaɓa biyun gaban lawan, wato mai gari, a shata inda garma za ta tsaya da inda tipa za ta ɗiba.