Xabi Alonso da Pirlo: me ya raba su a aikin koci?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dukansu biyu gwanayen tsakiyar fili ne, kuma kowa ya ɗaga kofin duniya. Amma Alonso ya ci Bundesliga da Leverkusen, shi kuwa Pirlo kaka ɗaya Juventus ta sallame shi. Sa'a ce ko akwai wani abu?

Baba Koci:
Wa alaikumus salam. Dubi matakalar da kowa ya taka. Alonso ya jingine takalmansa a Bayern a 2017. A 2018 yaran Real Madrid 'yan ƙasa da shekara 14 ya karɓa. Daga 2019 zuwa 2022 yana ƙungiya ta biyu ta Real Sociedad: ya hau da ita rukuni na biyu na Sifaniya a 2021, kaka ta gaba ta sake faɗowa. Wato ya ɗanɗani hawa da faɗuwa inda ba 'yan jarida a kansa. A irin wannan wuri ake koyon tsara atisayen mako, da canjin ɗan wasa a minti na 60, da yadda za ka gaya wa yaro yau benci zai zauna.

Pirlo fa? Ƙarshen Yulin 2020 aka ba shi matasan Juventus, bayan kwana tara aka miƙa masa babbar ƙungiya, bai ja ragamar wasa ko ɗaya ba. Lasisin UEFA Pro ma, wato babbar takardar shaidar aikin koci a Turai, sai a Satumba ya samu. Matakan lasisin huɗu ne, C, B, A da Pro, kuma na Pro kaɗai aƙalla awa 360 ne na karatu, amma takarda ba ta koya maka riƙe ɗakin da Ronaldo ke ciki.

Na Gwammaja:
Baba Koci, da girmanka, kada a manta da kasuwa. Oktoban 2022 Alonso ya tarar da Leverkusen ta 17 a teburi, ya kai ta ta shida. Sai daraktan wasanni Simon Rolfes ya sayar da Diaby ga Aston Villa, ya kawo Xhaka, da Grimaldo kyauta daga Benfica, da Hofmann, da namu Boniface. Tsarin 3-4-2-1 na Alonso ba ya tafiya sai da 'yan gefe biyu masu huhu, ga Grimaldo ga Frimpong. Xhaka na rarraba ƙwallo, Wirtz na shiga tsakanin layuka. Sakamako a Bundesliga: nasara 28, canjaras 6, maki 90, ba a doke su ba.

Inda tsarin ke da rauni shi Atalanta ta tona a wasan ƙarshe na Europa a Dublin. Kowane ɗan wasa ta manna masa mutum, aka toshe hanyar Xhaka, ƙwallo ta kasa fita daga baya. Lookman na Atalanta ya zura uku.

Alhajin Tamaula:
A yi wa Pirlo adalci dai. Ya ci Coppa Italia da Supercoppa. Matsalar ita ce ƙungiyar da ta ci Serie A sau tara a jere ya gada, 'yan wasanta sun fara tsufa, sai ya ƙare na huɗu, Porto kuma ta fitar da shi a zagayen 'yan 16 na gasar Zakarun Turai. A Leverkusen na shida yabo ne, a Juventus na huɗu takardar sallama ce.