Bulus da Yakubu: yaya zan daidaita su a kan bangaskiya da ayyuka?

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku taimake ni. An ba ni jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa, ga shi na cije a wuri ɗaya, na rasa gaba na rasa baya.

A Romawa 3:28 Bulus ya koyar cewa ta bangaskiya ake baratar da mutum, wato a ɗauke shi mai adalci a gaban Allah, ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba. Yakubu 2:24 kuwa ya ce ta ayyuka ne, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja, kuma aya ɗaya suka ɗauko, Farawa 15:6. Bulus ya tsaya a kan cewa an lasafta wa Ibrahim adalci tun kafin kaciya. Yakubu ya kai mu Farawa sura 22, inda Ibrahim ya ɗora ɗansa Ishaku bisa bagade.

An ce mini Bulus yana magana a kan tushen ceto, Yakubu a kan 'ya'yan da ceton ke haifarwa, kuma Afisawa 2:8-10 ta goyi bayan hakan. Na yarda, amma zuciyata ba ta kwanta ba. To Matiyu 25 fa, inda aka raba tumaki da awaki bisa ciyar da mayunwata da ziyartar 'yan kurkuku?

Wata yarinya ta tambaye ni ko mai bi da ya mutu ba aikin kirki ya sami ceto. Ba na son in ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Dattawa da malamai, me zan faɗa mata?