Muhawara: hannu ke buga golf ko sanda?

Injiniya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni har yanzu ina kan bakana: ɗan koyon golf ba ruwanshi da zaɓen sanda. Ya sayi jakar gwanjon da kuɗinshi ya kai, ya je ya yi ta bugu. Auna sanda da jikin mutum sai wanda hannunshi ya riga ya faɗa. Shahararren ɗan golf Tiger Woods ya ci gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, kuma direbarshi, wato sandar bugun nesa, mai karan ƙarfe ce, irin wadda yaran yanzu ba za su ko kalla ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Injiniya, hujjarka tawa ce. Karan ƙarfen nan mai nauyi ya dace da saurin hannunshi, shi ya sa ya riƙe shi. Ka ba dattijo irina wannan sandar ka gani in ƙwallo za ta bar ƙasa. Duk manomin da ke Gusau ya san ba a ba yaro fartanya mai ƙotar babba, don bayanshi zai ƙage kafin ya kai ƙarshen kunya.

Injiniya: Allah shi ƙara girma Kawu, amma ɗan koyo bugunshi na yau daban, na gobe daban. Mi za a auna?

Kawu: Tsawonshi ba ya canzawa tsakanin yau da gobe. Ya tsaya sak da takalmi, hannuwa a sake, a auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Da wannan da tsayinshi ake sanin tsawon sandar da ta dace da shi da yadda kanta zai zauna a ƙasa. Kamfanin Ping mai ƙera sandunan golf tun 1972 yake sa ɗigon launi a kan sandunanshi saboda wannan lissafin. Kuma abin yana da tasiri sosai. Mai bugu da hannun dama, in ƙarshen kan sandar ya ɗaga sama gindinta ya fara cin ƙasa, ƙwallo hagu za ta yi. In ƙarshen ne ya fara nutsewa, sai ta yi dama. Yaro zai yi bugu mai kyau ya ga ƙwallo ta karkace, sai ya fara murɗa jikinshi don ya gyara laifin da ba nashi ba. Wannan murɗiyar ita ke zama mishi ɗabi'a, kuma cire ta ya fi koyon farko wuya. Abin da ke damuna ke nan.

Hajiya: Ku ba ni dama in sa baki. Da sandunan maigida na fara a Kaduna, masu harafin S, wato kara mai tauri. Ƙwallo ba ta tashi, kullum ƙasa-ƙasa tana zamewa dama, ga ciwon gwiwar hannu. Da na koma kara mai L, wato mai laushi, na girafayit, wani sinadari da ya fi ƙarfe rashin nauyi, sai ta fara tashi, ciwon kuma ya lafa. Karan ƙarfe yakan kai giram 120, na girafayit sau da yawa bai wuce 60 zuwa 80 ba. Mata da yawa sun bar wasan nan ne don an miƙa musu sandar maza.

Ɗan Auta: Hajiya haruffan nawa ne duka?

Hajiya: Biyar ne sanannu, daga mai laushi zuwa mai tauri: L, A, R, S, X. Saurin hannunka ke zaɓa maka.

Injiniya: Na ji batun mata da dattawa. To amma kuɗi fa? Na'urar auna bugu ba a ko'ina take ba. Za a ce matashi ya bi ta Funtua ya tafi Abuja don a auna shi, tun bai san ko zai daɗe a wasan ba?

Kawu: Wa ya ce na'ura? Ka ja layi a jikin ƙwallo da maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, ka aje ta layin na tsaye yana kallon fuskar sanda, ka buga. Layin zai fito a fuskar. In ya miƙe sak, zaman sandar daidai ne. In ya karkata, sai a kai wa mai gyara ya lanƙwasa wuyanta kaɗan. Kuma ni ban hana gwanjo ba, nawa ma gwanjo ne. Cewa na yi a zaɓa. Dokar golf ta ce kada sanduna su wuce 14 a jaka, ba ta ce sai sun kai ba. Ɗan koyo bakwai sun ishe shi, kuɗin sauran ya kashe wajen neman masu kyau da canza robar mariƙi in ta yi santsi ko ta yi wa tafinshi kauri.

Ɗan Auta: Kawu ni matsalata sandar yashi ce, wadda ake fidda ƙwallo daga ramin yashi da ita, mai kwanciyar fuska digiri 56. A filin golf na IBB a Abuja lafiya lau, amma in na dawo gida ina gwaji a fili sai ta daki tsakiyar ƙwallo.

Kawu: Ƙasarmu ce, ɗana. Da rani ta bushe ta yi tauri, sandar kuma mai tudun gindi an yi ta ne don yashi mai laushi da ciyawa mai kauri. A busasshiyar ƙasa gindin ke dukan ƙasa ya yi tsalle, bakin ya kama ƙwallo a ciki. Nemi mai ƙaramin tudu, ko ka yi da mai digiri 50 ko 52.

Injiniya: Tsawo da taurin kara na yarda a duba su tun farko. Amma zaman kan sanda, ni dai a bari sai mutum ya shekara yana bugu, don layin makar zai riƙa ba da amsa daban-daban a hannun da bai zauna ba.

Kawu: Sai ya buga goma ya duba inda mafi yawansu sunka karkata. Mutum mai tsawon ƙafa shida da ɗoriya ba zai jira shekara da sandar gajere ba.

Hajiya: Ɗan Auta, ka auna wuyan hannunka zuwa ƙasa da inci ka turo kafin ka biya kuɗin wata jaka.