Neman shawara: wace na'ura ta dace da kwafe tsofaffin nagatif da hotunan majigi zuwa kwamfuta?

Ɗan mai hoto, Aboabo:

Assalamu alaikum iyaye da yayyen wannan zaure. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi sana'ar ɗaukar hoto a nan Kumasi tun daga shekarun 1960 har zuwa lokacin da kyamarar dijital ta kashe kasuwar fim, kuma ya bar mana akwatin ƙarfe cike da nagatif na bukukuwan suna, ɗaurin aure, saukar Alƙur'ani da tarbar alhazai. Da na zauna na rarrabe su, sai na ga iri uku ne. Mafi yawansu siraran fim ne masu launi na milimita 35, waɗanda za su kai hoto 2,000. Akwai manyan nagatif na baƙi da fari masu faɗin santimita 6 a kowane gefe, sannan akwai hotunan majigi kaɗan a cikin firam na kwali, wasunsu an rubuta Kodachrome a jiki. Wasu sun fara funfuna, wata ambulan kuma tana wari mai tsami.

Yayana da ke Bronx a Amurka ya ce zai sayo mini sikana ta tebur ya aiko, amma ya ce ni zan zaɓa. Na ga Plustek OpticFilm 8200i da aka rubuta mata 7,200 dpi (wato ɗigo 7,200 a kowane inci), na kuma ga Epson Perfection V600 mai 6,400, ga wasu ƙanana masu araha sosai da suke cewa suna fitar da hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Wacce ta dace da abin da ke hannuna, kuma me ya kamata in yi wa waɗanda suka yi funfuna kafin in sa su a na'ura?

Alhaji tsohon mai wankin hoto, Asawase:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa aljanna ce makomarsa. Ɗana, ka ajiye maganar na'ura tukuna, domin ambulan ɗin nan mai warin tsami ta fi kowace sikana bukatar gaggawa. Jikin yawancin fim na wancan zamani robar asitet ce, kuma idan zafi da laima suka daɗe a kanta sai ta fara ruɓewa tana fitar da sinadari mai tsami, fim ɗin ya takure, ya lanƙwashe, fuskar hoton ta yi tsaga. Wannan tururin yana hanzarta lalacewar duk fim ɗin da ke kusa, don haka a yau ɗin nan ka fitar da ambulan ɗin daga akwatin, ka ajiye ta daban a wuri mai sanyi da iska, kuma idan na'ura ta iso, da ita za ka fara. Ba a warkar da wannan ciwo, sai dai a riga shi kwafe hoton.

Funfuna kuwa abincinta shi ne shimfiɗar jelatin da hoton yake zaune a ciki, kuma garinmu mai damina biyu a shekara ya dace da ita ƙwarai. Kada ka kuskura ka wanke irin wannan fim da ruwa, domin jelatin ɗin da funfuna ta ci yana narkewa a ruwa, hoton ya bi shi ya tafi. Ka nemi ɗan famfon roba na hura iska da buroshi mai taushi irin na goge gilashin kyamara. Inda datti ya ƙi fita, a ɗan ɗiga barasar isofurofil mai tsabtar kashi 98 cikin ɗari ko fiye a ƙyalle marar gashi a shafa a hankali, bayan an gwada a kan hoton da ba shi da muhimmanci. Sifirit ɗin da ake sayarwa a kantin magani akwai ruwa da yawa a cikinsa, ba ya wannan aiki. Ka riƙa kama fim ta gefensa kawai, ko ka sa safar hannu ta auduga.

Mai gyaran kwamfuta, Tafo:

Baba Alhaji ya gama magana kan lafiyar fim, bari in ɗauki ta na'ura. Ɗan'uwa, lambobin nan da ake bugawa a kwali ba su ne ainihin abin da gilashin na'urar yake iya gani ba. Waɗanda suka gwada su da ma'auni sun samu cewa Plustek ɗin tana ba da kusan rabin 7,200 ɗin da aka rubuta, V600 kuwa ba ta kai 2,000 ba. Ga abin da hakan yake nufi a aikace. Hoto ɗaya na fim mai milimita 35 faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. Idan aka kwafe shi a kan ɗigo 3,200 a kowane inci, za a samu kusan megafiksel 14, wanda ya isa a buga hoto mai inci 10 da 15 ba tare da ya dushe ba. Idan kuwa ainihin ƙarfin na'urar 1,600 ne, abin da za a samu bai kai megafiksel 4 ba, wato ya isa kallo a waya da buga ƙaramin hoto na albam, amma ba na ratayewa a falo ba.

Sai dai Plustek ɗin ba ta karɓar komai sai milimita 35. Manyan nagatif ɗinka na santimita 6, waɗanda ake kira fim 120, ba za su shiga bakinta ba, kuma ina kyautata zaton su ne mafi daraja a akwatin tunda su ne mafi tsufa. A nan V600 take da amfani, domin tana da fitila a murfinta da maƙalar fim 120, kuma saboda girman nagatif ɗin, ko a kan 1,600 za ka samu sama da megafiksel 12. Tana kuma ɗaukar hoto 12 na siririn fim a lokaci guda, ka tafi ka yi wata hidima, alhali Plustek da hannu ake tura mata maƙalar, hoto bayan hoto.

Ra'ayina shi ne, idan na'ura ɗaya tak yayanka zai saya, to ya sayi mai shimfiɗaɗɗen gilashi, wato V600, domin ita kaɗai ce za ta taɓa dukan nau'uka ukun. Ka kwafe komai da ita, sannan ka ware hotunan milimita 35 da suka fi fice a nemi Plustek don su daga baya. Ƙananan masu arahar nan kuma ka manta da su. Ƙaramar kyamara ce kawai a cikin akwatin roba, tana fitar da JPEG da ta riga ta matse, farar riga ta ƙone, inuwa ta zama baƙi ƙirin, kuma babu yadda za a gyara.

Ka kuma ja kunnen yayanka ya karanta rubutun da ke jikin adaftar wuta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Gana 230. Idan an rubuta 100 zuwa 240, kan fulogi kawai za ka canza, idan kuwa 120 ce kaɗai, sai da taransifoma, in ba haka ba za ta ƙone a karon farko. Ka haɗa ta da batirin UPS saboda dumsor, wato yawan yanke wuta, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana ɓata fayil.

Ɗan Nima, Akara:

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ba a ambaci hanya mafi sauri ba. Wanda yake da kyamarar dijital da gilashin ɗaukar abu kusa-kusa zai iya kafa ta a kan sanda tana kallon ƙasa, ya shimfiɗa nagatif a kan allon haske, ya ɗauka. Kowane hoto daƙiƙoƙi ne, ba mintuna ba, kuma girman fim ba ya hana komai. Akwai manhajar Negative Lab Pro da ke aiki a cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana juya launin nagatif ya koma hoto. Hoto 2,000 a sikana aikin watanni ne ga mai wata sana'ar.

Mai gyaran kwamfuta, Tafo:

Gaskiya ne tana da sauri, ƙanena, kuma ga manyan nagatif na baƙi da fari tana iya fin V600 kyau. Amma mai tambaya bai ce yana da kyamara da gilashin ba, kuma akwai abin da kyamara ba ta da shi. Plustek 8200i da V600 duk suna sake bin fim da hasken infirared, wanda yake ratsa launukan fim mai launi amma ba ya ratsa ƙura da karce, ta haka manhaja take gane inda datti yake ta cike gurbin. Ga fim da ya shekara arba'in a akwati a Aboabo, lokacin da ka rage wajen ɗauka za ka biya shi ninki wajen goge ɗigo-ɗigo da hannu.

Alhaji tsohon mai wankin hoto, Asawase:

Wannan hasken yana da iyakarsa, kuma ya kamata yaron nan ya sani tun yanzu. A fim na baƙi da fari, hoton kansa ƙwayoyin azurfa ne, kuma azurfa tana tare infirared kamar yadda ƙura take tarewa, sai manhajar ta ɗauki fuskar mutum a matsayin datti ta dagula ta. Dole a kashe shi idan an zo kan manyan nagatif ɗin. Kodachrome ma yakan ruɗa shi, musamman a wurare masu duhu, don haka a gwada hoto ɗaya da shi, ɗaya babu shi, a kwatanta. Kamfanin Kodak ya daina yin wannan fim a 2009, wurin wankinsa na ƙarshe a duniya kuma ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010, amma a cikin abin da ke akwatinka shi ne zai fi riƙe launinsa muddin a duhu ya zauna. Hasken majigi ne yake kashe shi, saboda haka kada ka yi ta haska shi ga baƙi kafin ka kwafe. Yakan fito da shuɗi-shuɗi a sikana, amma manhajojin sikana SilverFast da VueScan duk suna da saitin da aka yi dominsa.

Nagatif masu launi kuma za ka gan su ruwan lemo. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su, manhaja ce take cire wannan launin idan ta juya hoton. Abin da nake jin tsoro shi ne saitin da na'ura take yi da kanta. Mu da muka wanke hotunan bukukuwan Zongo mun san wahalar baƙar fata a cikin farar babbar riga da rawani a tsakar rana: in ka bi rigar fuska ta nutse, in ka bi fuskar aikin zaren rigar ya ɓace. Ka kashe ƙarin kaifi da ƙarin armashin launi, ka bar hoton ya fito a kwance ko da bai burge ido ba, daga baya a gyara kwafinsa.

Sannan ka kula da fuskar da kake kifa fim. Gefe ɗaya yana ƙyalli, ɗayan dusu-dusu ne, kuma idan kana kallon gefen mai ƙyalli rubutun bakin fim zai karantu daidai. Kowace maƙala tana nuna gefen da take so a sama. Idan ka juya shi, rubutun allon mai sauka zai koma baibai, kuma za ka ga dattijo yana miƙa wa Sarkin Zongo hannun hagu, abin da iyalansa ba za su yafe maka ba.

Malamar makaranta, Sabon Zongo:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ƙara ya shafi ajiya da kuma mutanen da ke cikin hotunan. Ƙanena, ka adana kwafin asali a tsarin TIFF mai zurfin bit 16 ga kowane launi, domin shi ne yake jure gyaran launin da ya koɗe, sannan ka fitar da JPEG don rabawa. Hoton milimita 35 a kan 3,200 a wannan tsari yakan kai megabait 80, wato hoto 2,000 kusan gigabait 160 ke nan, faifan ajiya mai terabait 1 ya ishe ka har da manyan nagatif ɗin. Ka sayi biyu, ɗaya ya zauna a wani gida daban. Abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an rage shi, ba ajiya ba ne. Nagatif ɗin kuma kada a zubar bayan an gama, a sa su a ambulan na takarda marar asid, a cikin kwantena mai murfi tare da ƙullin silika mai shan laima, nesa da rufin kwano.

Irin wannan akwati ba ƙaramin abu ba ne. Hotunan James Barnor, wanda ya buɗe situdiyon Ever Young a Jamestown a shekarun 1950, yanzu ana baje kolinsu a manyan gidajen tarihi na Turai, kuma hakan ya yiwu ne saboda an adana nagatif ɗinsa. Mu mutanen Zongo ba mu da yawan irin wannan taska a bainar jama'a. Amma hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba ya rasa rabin amfaninsa, don haka duk abin da mahaifinka ya rubuta a bayan ambulan, ka ɗauki hotonsa shi ma, kuma ka riƙa kai wa tsofaffin unguwa abin da ka kwafe a waya su faɗa maka sunaye tun suna raye. Kuma ina roƙonka kada ka ɗora hotunan amare da matan mutane a Facebook sai ka nemi yardar gidajensu, domin an ɗauke su ne don albam na cikin ɗaki.

Ɗan mai hoto, Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na ware ambulan mai warin kamar yadda Baba Alhaji ya ce, kuma zan gaya wa Yaya ya nemi mai shimfiɗaɗɗen gilashin. Saura tambaya ɗaya: wani ya yi mini tallar tsohuwar Nikon Coolscan ta hannu a Adum a farashi mai sauƙi. Ko in karɓa don siraran fim ɗin, maimakon jiran Plustek?

Mai gyaran kwamfuta, Tafo:

Na'ura ce mai kyau sosai idan tana da lafiya, domin samfuran baya-bayan nata suna ba da 4,000 dpi kusan na gaske, amma Nikon ya daɗe da daina ƙera ta, kayan gyaranta kuma suna da wuyar samu. Ka fara duba lambarta. Coolscan V ED da 5000 ED suna amfani da USB, amma 4000, 8000 da 9000 sai da mahaɗar FireWire, wadda kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ita. Manhajarta ta asali ba a sabunta ta don sababbin Windows ba, sai ka sayi VueScan. Ka tabbata maƙalar siririn fim da ta hoton majigi suna tare da ita, domin su kaɗai suna iya cin kuɗi mai yawa. Akwai kuma ƙaramin madubi a cikinta da ke tara ƙura, ga ƙurar hunturu irin tamu, kuma idan ya yi datti za ka ga hazo yana kewaye duk wani farin abu a hoton. Ka je da kwamfutarka da tsinken nagatif ɗaya mai farar riga a ciki, a kwafe a gabanka, ka faɗaɗa hoton ka duba gefen rigar kafin ka biya ko sidi ɗaya.