'Yata ta zaɓi karatun falsafa, dattijonmu ya ce arnanci ne

Tambaya:
Salama gare ku, 'yan'uwa. 'Yata ta fari ta samu gurbi a sashen falsafa na jami'a, sai wani dattijon majami'armu ya tare ni bayan sujada ya ce kada in yarda, domin magabatan ikilisiya sun ƙi wannan ilimi. Ya kawo mini tambayar Tartuliyan, ɗaya daga cikin magabatan, cewa ina ruwan Urushalima da Atina, wato ina ruwan bangaskiya da falsafar Girkawa, ya kuma buɗe mini Kolosiyawa 2:8, ayar da ke gargaɗi kada a ruɗe mu da falsafa. Tun ranar takardar shigarta tana kulle a akwatina, ita kuwa ta daina zama cin abinci tare da mu. Shin duk magabata haka suka ɗauki falsafa?

Wata malamar tarihin ikilisiya:
Baba, Tartuliyan ya faɗi haka, amma a duba da waɗanda yake. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, yana faɗa ne da 'yan bidi'a masu ɗauko ra'ayoyin Girkawa suna cusawa cikin koyarwar manzanni. Shi kansa ya ƙoshi da ilimin iya magana na Romawa, da shi ne ma ya kare Kiristoci a 197. Ya kuma tsananta a kan hadaya ga gumaka da filayen wasa, inda ake zuba mutane su kashe juna jama'a na tafi. Yustin kuwa, wani magabacin, wanda aka kashe a Roma wajen 165 saboda bangaskiyarsa, bai tuɓe mayafin masana falsafa ba bayan ya tuba, kuma yana ganin Sokaratis, masanin falsafar Girka, ya tsinkayi wani ɓangare na gaskiya.

Wani fasto:
Ɗan'uwa, kada dai a raina tsoron dattijon, domin Tatiyan, almajirin Yustin ɗin, ya yi wa masanan Girka kaca-kaca a rubuce. Ni hanyar Agustin, shi ma magabaci, ta fi kwanta mini: ya amfana da littattafan mabiya Aflatun, masanin falsafar Girka, duk da haka ya zarge su da tsayawa kan bautar alloli da yawa. Shawarata ita ce ka fito da takardar ka biya kuɗin rajista, sa'an nan duk hutun da ta dawo ku zauna ta karanta maka abin da aka koya mata, ka kuma gayyaci dattijon.