Abin da na tsinta a hirar masu ƙananan jiragen sama na rimot a Katsina

Jiya da yamma a Kofar Kaura, hirarmu ta karkata kan injin jirgin rimot wanda silindarsa ke jere a kewaye kamar tauraro, irin na kamfanin Saito mai silinda 3.

An fi jan kunne kan mai da ke kwanciya a silindar ƙasa idan jirgi ya kwana. Kafin tayarwa, a kashe wutar injin, a juya farfela da hannu a hankali. In ta cije, kada a matsa, sandar fistan na iya lanƙwashewa. A kwance fulogin ƙasa, man ya tsiyaye. Na ga baƙin man da ya zubo a tsumma, ya isa gargaɗi.

Bawul kuwa, wato abin da ke buɗe wa mai da hayaƙi hanya a silinda, sai inji ya huce ake auna tazararsa. Lokacin hunturu a toshe bakin kafireto da ƙyalle bayan sauka, ƙurar garin nan ba ta da sabo.